Kwalejojin da Yunwa ta Haifa a Amurka

A watan Afrilun 1933 malaman makarantun gwamnati na birnin Shikago suka fito titi. Dubbansu ne, maza da mata, suka nufi unguwar bankuna, suka kutsa cikin wasu manyan bankunan birnin suna neman a biya su haƙƙinsu. Sun yi wata da watanni ba su ga albashi ba. In ma an ce an biya, takardar alkawari ake miƙa wa malami a madadin kuɗi, ita kuwa takardar mai kanti ba ya karɓarta sai ya zabtare wani abu daga darajarta. Waɗannan fa su ne masu sa'a, domin suna da aji, suna da allo, suna da wanda za su bi bashi. An ƙiyasta cewa a shekarar malamai kusan 200,000 ne ke zaune a gida babu aikin yi a faɗin ƙasar.

Yadda aka kai ga haka ba ɓoyayye ba ne. Kasuwar hannun jari ta Niyu Yok ta rufta a watan Oktoban 1929, daga nan masana'antu suka yi ta rage ma'aikata, farashin amfanin gona ya zube, bankuna wajen 9,000 suka durƙushe tsakanin 1930 da 1933 da ajiyar mutane a cikinsu. Kafin Franklin Roosevelt ya karɓi mulki ranar 4 ga Maris 1933, mutum ɗaya cikin kowane huɗu masu neman aiki ba shi da shi, wato kimanin mutum miliyan 13. Makarantu a Amurka kuwa a wancan lokaci da harajin gidaje da gonaki ake riƙe su, kowace gunduma da nata. Wanda banki ya ƙwace wa gida ba ya biyan harajin gida. Da haraji ya ƙafe sai gundumomi suka rage albashi, suka gajarce zangon karatu, suka haɗe azuzuwa, dubban makarantun karkara kuma aka garƙame su gaba ɗaya.

A ɗaya gefen ga matasa. Shekarun 1920 sun cika makarantun sakandare da 'ya'yan talakawa fiye da kowane lokaci a baya, su ne kuma suka riƙa kammalawa daidai lokacin da ƙofofi suka rufe. Yaro ya fito da takardarsa, masana'anta ba ta ɗauka, uba ba shi da kuɗin jami'a, shi kansa uban yana layin karɓar miya. Tsakanin 1932 da 1934 yawan ɗaliban jami'o'i da kwalejoji ya ragu da kusan 100,000. Wasu matasan, da aka ƙiyasta sun kai 250,000, suka bar gida suna maƙalewa a taragon jirgin kaya daga gari zuwa gari, don kawai a rage baki ɗaya a tukunyar gida. Saura suka zauna a bakin titi suna kallon rana ta fito ta faɗi.

To, a kusan kowane gari akwai abu uku da ke zaune ba a moriyarsu: malamin da ba shi da aji, matashin da ba shi da makaranta, da ginin sakandare da ake kullewa da la'asar har wayewar gari. Dukan labarin kwalejojin gaggawa bai wuce yadda aka haɗa waɗannan ukun ba, da yadda aka sake raba su bayan 'yan shekaru.

Mutumin da ya buɗe hanyar ba malami ba ne. Harry Hopkins ma'aikacin jin daɗin jama'a ne, ɗan jihar Ayowa, wanda ya riƙe hukumar agaji ta jihar Niyu Yok lokacin da Roosevelt ke gwamna. A watan Mayun 1933 majalisa ta kafa hukumar agajin gaggawa ta tarayya, wadda aka fi sani da FERA, ta ware mata dala miliyan 500, aka ɗora Hopkins a kanta. An ba da labarin cewa cikin sa'o'i biyu na farko, tun ba a gama shirya masa ofis ba, ya raba wa jihohi fiye da dala miliyan 5. Masu ce masa a bi a hankali, komai zai daidaita nan gaba, yakan amsa musu cewa mutane ba nan gaba suke cin abinci ba, kullum suke ci. Amma abin da ya fi muhimmanci a tunaninsa shi ne ƙin sadaka tsagwaronta. Ya yi imani cewa mutumin da ya saba ci da guminsa, in aka mayar da shi mai miƙa hannu, an cika masa ciki an karya masa zuciya. A ba shi aiki a biya shi. Kuma aikin ya dace da abin da ya iya. Malamin lissafi da aka ba shebur ya haƙa lambatu, an yi asarar malami, lambatun ma ba zai yi kyau ba.

Daga wannan tunani shirin ilimi na gaggawa ya fito a watan Agustan 1933. Da farko an ba jihohi izinin ɗaukar malamai marasa aiki su sake buɗe makarantun karkara da aka rufe, su kuma koyar da manya karatu da rubutu, irin abin da mu muka sani da yaƙi da jahilci. Kafin shekara ta ƙare an faɗaɗa shi ya haɗa da koyon sana'a, da ilimin manya gaba ɗaya, da makarantun renon ƙananan yara, da ilimin ma'aikata, wanda aka damƙa wa Hilda Worthington Smith, matar da ta jagoranci makarantar bazara ta mata ma'aikatan masana'antu a kwalejin Bryn Mawr tun 1921. Malamai fiye da 40,000 suka sami abin yi a ƙarƙashin shirin.

A nan akwai abin da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin shi ne mabuɗin duk abin da ya biyo baya. A tsarin mulkin Amurka ilimi hurumin jihohi ne, gwamnatin tarayya ba ta da ƙofar da za ta shiga ta buɗe kwaleji. Kuɗin da Hopkins ke rabawa kuɗin agaji ne, ba na ilimi ba. Sharaɗin ɗaukar malami shi ne ya kasance mabuƙaci wanda ya cancanci tallafi. A takarda, wanda ake ceto shi ne malamin. Ɗalibi ya shigo lissafin ne saboda malami ba ya koyarwa sai da wanda zai koya wa. Wannan ne ya sa abin ya yiwu cikin gaggawa, shi ne kuma ya zama ajalinsa.

Babu wanda ya zauna a Washinton ya zana kwalejojin. Jihohi ne suka duba dokar suka ga cewa in ana iya biyan malami ya koyar da babba abacada, ana iya biyansa ya koyar da wanda ya gama sakandare darussan shekarar farko ta jami'a. Kowace jiha ta yi nata salon, ta raɗa nata suna.

Niyu Jasi na cikin waɗanda suka fara, kuma labarinta ya fi fitowa fili. Ranar 16 ga Oktoba 1933 aka buɗe ƙaramar kwalejin gundumar Union a garin Roselle, a cikin ginin sakandaren Abraham Clark, da ɗalibai 243. Sai 'yan sakandare sun tashi sannan 'yan kwaleji su shigo, su zauna a kan kujerun da ƙannensu suka bari, a yi karatu har dare. A shekarar kuma aka buɗe ta gundumar Monmouth a sakandaren Long Branch. Jimilla kwalejoji shida irin wannan jihar ta samu, har da na Newark, da Morristown, da Perth Amboy, da Paterson. Babu kuɗin makaranta. Ɗalibi yana kwana a gidan iyayensa, ya yi 'yar buga-bugarsa da rana in ya samu, da yamma ya tako ko ya hau bas ya zo aji.

Mishigan ta ɗauki wata hanyar. A shekarar karatu ta 1934 zuwa 1935 ta buɗe cibiyoyi kusan 100 da ke koyar da darussan shekarar farko kaɗai, ɗalibai wajen 6,000 suka shiga. Aka raba jihar tsakanin jami'o'inta da kwalejojin horon malamai, kowace ta ɗauki nauyin sa ido kan cibiyoyin yankinta: ita ke tsara manhaja, ita ke duba cancantar malamai, ta kuma yarda cewa wanda ya ci jarrabawa za a lissafa masa abin da ya karanta in ya samu halin ci gaba. Yawancin cibiyoyin a ƙananan garuruwa suke, inda kafin nan duk mai son karatun gaba da sakandare sai ya yi ƙaura, ya biya haya, ya ciyar da kansa. A Niyu Yok ma jami'o'i da kwalejojin jihar ne suka riƙe cibiyoyin, wasu a kewayen babban birnin, wasu can arewacin jihar. Konetikat ta buɗe nata a birane irin su New Haven da Hartford. Ohayo, bayan cibiyoyin da ta kafa, sai ta ƙara da wata dabara: daga 1934 tashar rediyon jami'ar jihar da ke Columbus ta riƙa watsa darussan kwaleji, mutane na saurare a gida ko a rukuni, ana aika musu da takardun jagora. Kansas da Tekzas su ma sun gwada nasu.

Darussan ba na wasa ba ne. Turanci da rubutun insha'i, tarihi, lissafi, kimiyyar sinadarai, Faransanci ko Jamusanci, tattalin arziki, duk abin da ɗan shekarar farko zai tarar a jami'a. Malaman ma, saboda tsananin zamanin, sau da yawa sun fi ƙarfin inda aka kai su. Akwai masu digiri na biyu da na uku da suka kammala babu gurbi, akwai waɗanda ƙananan kwalejoji suka sallama, akwai injiniyoyi da akantoci da kamfanoninsu suka rufe. Albashinsu na agaji ne, kaɗan ne, amma ya fi zaman banza, ya kuma bar mutum da sunansa na malam.

Ba zan ɓoye raunin abin ba, domin masu sukarsa ba ƙarya suka yi ba. Ɗakin karatun sakandare ba na jami'a ba ne, ɗakin gwaje-gwajensa ma haka. Ana amincewa da kuɗin ne na 'yan watanni, shugaban cibiya bai san ko zango mai zuwa zai buɗe ba. Mafi ciwo shi ne cewa nasarar shirin ita ce asararsa: malami mafi ƙwarewa shi ke fara samun aiki na dindindin, ranar da ya samu kuwa dole ya bar layin agaji, ko da tsakiyar zango ne. Ɗalibai su ma in aiki ya faɗo sai su ajiye littafi, kuma wa zai ga laifinsu? Wasu jami'o'in sun yi ta jan ƙafa wajen karɓar sakamakon waɗannan cibiyoyi. Ƙananan kwalejoji masu zaman kansu, da su ma ke fama da ƙarancin ɗalibai, sun ga gwamnati ta zo tana ba da kyauta abin da suke sayarwa, shi ya sa a wurare da dama aka ce sai wanda ya nuna ba shi da halin biya za a ɗauka.

Duk da haka azuzuwan sun cika, kuma wannan cikar ita ce babbar shaidar da zamanin ya bari. Kafin nan mutane da yawa, har da manyan malaman jami'a, suna ganin cewa waɗanda suka isa karatun gaba da sakandare ai su ne ke cikinsa, sauran ba su da kai ko ba su da niyya. Da aka cire kuɗin makaranta, aka kawo ajin cikin gari, aka mayar da shi lokacin da mai neman abinci zai iya zuwa, sai ga 'ya'yan leburori da na baƙin haure da na manoma sun fito, da yawansu su ne na farko a danginsu da suka taɓa zama a ajin kwaleji. Ashe abin da ya tsare su kuɗi ne da nisa.

Akwai kuma reshe na biyu na wannan taimako, wanda ya fi na farko daɗewa. Maimakon a kai kwaleji wurin matashi, sai a taimaka masa ya zauna a wadda ke akwai. An gwada shi a jami'ar Minesota a ƙarshen 1933, a watan Fabrairun 1934 kuma FERA ta bazu da shi ko'ina. Ɗalibi mabuƙaci zai yi wa jami'arsa aiki na 'yan sa'o'i, a ɗakin karatu ko ɗakin gwaji ko ofis, gwamnati ta biya shi kimanin dala 15 a wata, ba ya wuce 20. Ranar 26 ga Yuni 1935 Roosevelt ya kafa hukumar matasa ta ƙasa, NYA, ƙarƙashin Aubrey Williams, ta gaji wannan aiki, ta haɗa da 'yan sakandare da ake ba har dala 6 a wata. Dala 15 ba dukiya ba ce ko a wancan zamani, amma ita ce tazarar da ke tsakanin ci gaba da karatu da komawa gida. Arthur Miller, wanda daga baya ya zama fitaccen marubucin wasan kwaikwayo, da ita ya riƙe kansa a jami'ar Mishigan yana ciyar da ɓerayen ɗakin bincike. Richard Nixon, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, ya yi irin wannan aiki lokacin da yake karatun lauya a jami'ar Duke. Lyndon Johnson kuwa, yana ɗan shekara 26, shi aka naɗa shugaban hukumar a Tekzas, kuma bayan shekara talatin, yana shugaban ƙasa, ya sa hannu a dokar ilimi mai zurfi ta 1965 da ta tabbatar da tallafin tarayya ga ɗalibai. Kafin a rufe NYA ɗaliban kwaleji fiye da 600,000 sun ci moriyarta.

Baƙaƙen fata sun fi kowa shan wuyar zamanin, su ake fara kora, su ake ɗauka a ƙarshe, kuma a jihohin kudu doka ce ta raba makarantunsu da na farare. Tunda jami'an jiha ke raba kuɗin agaji, rabon ya bi son zuciyarsu. Abin da ya ɗan gyara lamarin a NYA shi ne Mary McLeod Bethune, 'yar iyayen da aka taɓa bautar da su, wadda ta kafa makarantarta a Daytona ta jihar Filorida tun 1904. Daga 1936 ta shugabanci sashen harkokin baƙaƙe na hukumar, ta matsa har aka ware asusu na musamman don ɗalibai baƙaƙe masu karatun kwaleji da na gaba da digiri. Ba ta rushe wariya ba, amma ta sa kuɗin ya isa hannun dubban matasan da ba don ita ba da sai dai su ji labari.

Abokan adawar shirin ilimin sun fito ta fuskoki biyu. Ƙungiyar malamai ta ƙasa da jami'an ilimi sun ji haushin cewa ma'aikatan agaji ke riƙe da kuɗin. Su so suke a zuba shi kai tsaye cikin makarantun da ake da su, kuma suna da hujja, domin ga makarantu na rufewa. 'Yan siyasa masu ra'ayin riƙau kuwa azuzuwan ma'aikata suka sa wa ido, inda ake tattauna albashi da ƙungiyoyin ƙwadago, suka ce da kuɗin haraji ake koyar da kwaminisanci. Wannan zargi ya riƙa bin shirin har ƙarshensa.

A ƙarshen 1935 aka naɗe FERA, hukumar samar da ayyuka ta WPA, wadda ita ma Hopkins ke shugabanta, ta karɓi ragamar. Ta ci gaba da yaƙi da jahilci, inda fiye da mutum miliyan ɗaya suka koyi karatu da rubutu, amma kwalejojin gaggawa ba su sami mai tsaya musu ba. Hukumar agaji na ganinsu aikin wucin gadi, ofishin ilimi na tarayya bai haife su ba, jihohi kuma ba su shirya ɗaukar nauyinsu ba. Da tattalin arziki ya ɗan motsa, malamai suka fara samun gurabe, dalilin da aka rubuta na kafa su ya kau. Cikin shekara biyu zuwa uku yawancinsu sun rufe. Ba a rufe su don ɗalibai sun daina zuwa ba.

A Niyu Jasi, cikin shida biyu suka rayu. Da tallafin tarayya ya yanke wajen 1936, mutanen Union da na Monmouth suka ƙi barin nasu su mutu, suka mayar da su masu zaman kansu, aka fara karɓar kuɗin makaranta daidai ƙarfin jama'a. Ta Union ta koma Cranford a 1942, a 1982 kuma ta zama kwalejin gwamnati ta gundumar. Ta Monmouth ta koma West Long Branch a 1956 ta fara ba da digiri, a 1995 ta zama jami'a. Sauran huɗun sun tafi, da cibiyoyin Mishigan ɗari, da na Ohayo.

Yaƙin duniya na biyu ya share ragowar rashin aikin yi, a 1943 aka rufe WPA da NYA. Amma abin da aka gani ba a manta da shi ba. Dokar tallafa wa tsofaffin sojoji da Roosevelt ya sa wa hannu ranar 22 ga Yuni 1944 ta biya wa mutum kimanin miliyan 2.2 karatun kwaleji da jami'a, wannan karon a matsayin haƙƙi, ba tare da an tambayi mutum ko yunwa yake ji ba. A 1946 Shugaba Truman ya kafa kwamitin nazarin ilimi mai zurfi, ya ɗora George Zook a kansa, mutumin da shi ne kwamishinan ilimi na tarayya a 1933 lokacin da aka buɗe azuzuwan farko na gaggawa. Rahoton kwamitin na 1947 ya ce kusan rabin Amurkawa na da basirar yin karatun shekara biyu bayan sakandare, ya nemi a kafa kwalejojin al'umma ko'ina, kusa da gidajen mutane, ba tare da kuɗin makaranta ba. Ƙananan kwalejoji na shekara biyu sun girmi matsin tattalin arzikin, ta Joliet a jihar Ilinoi tun 1901 take, saboda haka ba daidai ba ne a ce kwalejojin gaggawa ne suka haifi kusan 1,000 da Amurka ke da su yau. Abin da suka yi shi ne nuna cewa masu buƙatar suna nan, da yawa, a garuruwan da ba a zata ba.

Hukuncina a kan wannan tarihi shi ne Hopkins ya yi daidai da ya ƙi jira, jihohin da suka buɗe azuzuwan sun yi daidai, kuskuren kuma na waɗanda suka bar su suka mutu ne. An ɗaure karatun ɗalibi a jikin yunwar malaminsa, da malam ya ƙoshi sai aka sallami ɗalibi. Jihar Niyu Jasi, wadda ta ga kwalejojinta shida sun cika a tsakiyar shekarun 1930, sai a 1962 ta yi dokar kafa kwalejojin gundumomi, na farkonsu kuma suka buɗe a 1966. Matasan shekara talatin ne suka wuce a tsakani.